Fainal ɗin rediyo na ƙonewa da rana, da safe kuma lafiya lau: jabu ne ko mi?

"Salamu alaikum Injiniya, Allah shi ƙara basira. Ni mai gyaran amfilifaya da inbata ne anan Jega. An kawo min rediyon oba-oba ta mota, irin mai dogon zango mai wat 100, fainal ɗinta, wato manyan taransistocin ƙarshe masu fidda ƙarfi, guda biyu 2SC2879 sun ƙone. Na canza har sau biyu. Kowane karo in na gwada da safe a shago lafiya lau, mai ita ya tafi da ita, rana na take sai ya dawo wai ta ɗauke, in buɗe in ga sun sake tafiya. Akwai wani ɗan dayod da na tarar ya fashe kusa da su, na sa 1N4007 a madadinshi na like shi kan fanel, kuma na auna bolt ɗin ƙafar bes ta taransistan na ga 0.68 daidai. Kayan ne jabu ko akwai abinda ban gane ba? Kuɗina na ƙarewa."

Wa alaikumussalam ƙanena, amin summa amin, kuma Allah shi mayar ma da alheri don na san kuɗin 2SC2879 biyu har sau biyu ba ƙaramin ciwo bane ga mai shago. In na fahimce ka tambayarka guda ce, mi yasa abu ke aiki da sanyin safiya ya mutu da zafin rana alhali mita na nuna ma lamba mai kyau. Amsar kuma tana cikin saƙonka, kai da hannunka ka rubuto ta baka lura ba, ɗan dayod ɗinnan ne da ka like kan fanel. Jabu akwai su kam, zan zo kansu, amma inaga wanga karon an bar jaki ana dukan taiki.

Tunda kai mai gyaran amfilifayar sauti ne bari mu fara daga abinda ka riga ka sani. Duk amfilifayar masallaci ko ta masu kiɗan biki da ka buɗe zaka ga wani ƙaramin taransista an matse shi da sukuru ko kilif jikin alminiyon hitsink mai tsotse zafi tsakanin manyan, bai ɗauke da sauti bai komi, yana nan dai manne. Kuma ƙarƙashin kowane babban taransista akwai farar resistan siminti mai 0.22 ohm a ƙafar emita. Waɗanga biyun sune masu gadi, ɗaya na jin zafi yana rage bayas, wato ɗan bolt ɗin da ake ba bes don taransista ya zauna a ɗan buɗe, ɗaya na taka burki in karent ya nemi wuce gona da iri. Tau a fainal ɗin rediyo mai gadi na biyun babu shi, an cire shi da gangan, saura ɗaya kawai, shi kuma ka ɗauke shi daga bakin aiki ka kai shi inda bai jin komi.

Dalilin da yasa babu farar resistan shine mitar sigina, wato firikwensin da ake aiki a kai. Waya mai tsawon santimita 2 kacal, a 14 MHz tana tare hanya kaman resista mai kusan ohm 2, shi kuma taransistan da ke fidda wat 100 daga batirin mota nauyin da kolekta ɗinshi ke gani bai wuce kusan ohm 1 ba. Kaga kenan ƙafar resista kaɗai ta isa ta cinye ƙarfin gaba ɗaya. Shi yasa emitan 2SC2879 faffaɗan ƙarfe ne guda biyu kaman fukafukai, ana kwantar da su kai tsaye kan ƙasa da dalma ba tare da ko ɗan tsawo ba. Akwai 'yan ƙananan resistoci da kamfani ke sawa can ciki a jikin silikon ɗin don raba karent tsakanin sassanshi, suna taimakawa, amma basu kai su riƙe shi su kaɗai ba.

Wani zai ce tau a cire bayas ɗin mana kowa ya huta. A na'urar watsa FM mai irin waɗanga taransistocin haka ake yi, bes ɗin ana kai shi ƙasa ta cikin kwayil, in babu sigina taransista a kashe yake, saboda a FM saƙon yana cikin sauyin mita ne ba cikin girman sigina ba. Amma taka SSB ce, wani tsarin watsa murya ne daban, muryar mutum tana cikin hawa da saukar sigina ɗin kanshi, in taransista bai fara buɗewa ba sai an kai 0.6 tau duk wani ƙaramin sauti ya ɓace, murya ta fito kaman mai mura na magana cikin gwangwani, kuma ta fantsama kan maƙwabtan tashoshi. Dole a bar shi a ɗan buɗe ko ba'a magana, wani ɗan karent na gudana, shi ake kira ajin AB. Wanga ɗan karent na zaman jira shine duk rigimar.

Abinda zafi ke yi ma 0.68 ɗinka

Ga abu guda da nike so ka riƙe ko ka manta sauran: 0.68 ba lamba bace tsayayya. Taransistan silikon, duk digiri ɗaya da ya ƙara zafi, bolt ɗin da yake buƙata tsakanin bes da emita don ya ja karent iri ɗaya yana raguwa da kusan 2 mV. Ƙaramin abu ne a ido, mitarka ma in mai lamba uku ce da ƙyar ta nuna shi. Amma a ɗaya ɓangaren, ƙarin 60 mV kacal a bes yana ninka karent ɗin kolekta sau 10. In ka haɗa biyun zaka ga cewa in ka riƙe bes a 0.68 ƙam baka motsa shi ba, karent na ƙaruwa da kusan kashi 8 cikin ɗari a kowane digiri, wato kusan duk digiri 9 ya ninka.

Yanzu mu sa lambobi, misali nike badawa ba na rediyonka ba. A ce ka saita 200 mA da safe, batir 13.8, zafin da yake fitarwa a zaune wat 2.8 ne, ba komi. A ce kuma hitsink ɗin da komi da komi duk wat ɗaya na ƙara ma cikin taransista digiri 1.5. Zafi ya ƙaru da digiri 1, karent ya ƙaru da 16 mA, wannan ya kawo ƙarin wat 0.22, shi kuma ya haifar da kashi ɗaya cikin uku na digiri. An bada ɗaya an dawo da sulusi, abin zai hau kaɗan ya tsaya. Shi yasa a shagonka lafiya lau. Amma bari karent ɗin ya kai 600 mA, digiri 1 zai kawo 48 mA, wat 0.66, ya haifar da cikakken digiri 1. Daga nan babu tsayawa kuma, zafi na kawo karent karent na kawo zafi har sai wani ya mutu, ko fiyus ko taransista, kuma fiyus ɗin rediyon wat 100 mai amfiya 25 ko 30 ne, shi bai ma san ana yi ba. Nawa ake buƙata a tashi daga 200 zuwa 600? A lissafi digiri 14 zuwa 15 kawai. A zahiri 'yan resistocin cikin nan suna ɗan ja ma abin birki ya ɗauki fiye da haka, amma dai ka dubi inda muke. Safiyar hunturu a Birnin Kebbi ko Jega kana iya samun digiri 15, watan Afrilu da azahar a wuce 40 a inuwa, balle cikin motar da anka aje a rana gilashi rufe, rediyon na ƙarƙashin kujera. Tun kafin mai ita ya danna makirfo hitsink ya riga ya yi rabin tafiya, in ya fara magana kuma rediyon na jan wajen amfiya 20 a ƙololuwa, fiye da rabin wutar zafi take zama.

Akwai kuma abinda ke tsakanin su biyun. Tunda bes ɗinsu daga tushe guda suke shan bayas, wanda ya ɗan fi zafi shi zai fi jan karent, ya ƙara zafi, ya ƙara ja, ɗan'uwan na gefe yana hutawa. Shi yasa sau da yawa guda ke fara tafiya, na biyun ya biyo baya.

Aikin dayod ɗin da ya fashe kenan. Shima silikon ne, shima in ya ji zafi bolt ɗinshi na sauka da kusan 2 mV a digiri, kuma daga kanshi ake ɗaukar bayas. In taransista ya ƙara digiri 30 shima ya ƙara digiri 30, sai ya janye 60 mV daga bes, karent ya tsaya inda yake. Amma sai in jikinshi na taɓa jikinsu. A kan fanel iskar cikin akwati kawai yake ji, taransista na ƙuna shi yana can yana shan inuwa. In ka koma ka duba da kyau inda na asalin yake, ina kyautata zaton zaka ga ragowar busasshen farin man nan mai kai zafi a saman farar hular ɗaya daga cikin fainal ɗin, ko wani ɗan rami ko kilif a hitsink dab da su, nan ne gidanshi.

Nima na sha wannan, ba wai ina ma dariya bane. Shekarun baya wata ma'aikata ta kawo min irin wagga rediyo cikin watan Disamba, na canza fainal, na saita da sassafe ina sanye da rigar sanyi, ta yi aiki wata uku ba ƙorafi. Ƙarshen Maris sai ga ta an dawo da ita. Da na sa sabbi na ce yau sai na ga abinda ke faruwa, na jona mita a layin kolekta na danna ba tare da magana ba, na ɗauko dirayar gashi ta maiɗakina na riƙa hura ma hitsink. Ina kallo 200, 230, 270, 340, sai ta fara tsalle 450, 600, kafin in miƙa hannu in zare waya ta haura amfiya ɗaya. Dayod ɗin yana nan a wurinshi fa, sai da na sa tsinke na taɓa shi naga yana lilo, gam ɗin ya bushe ya ɗaga, tsakaninshi da taransista akwai ɗan fili da bai kai kaurin farce ba, cike da ƙurar hunturu. Wanga ɗan filin ya ci min kuɗin taransista biyu daga aljihuna. Tun ranar ban ƙara sallamar rediyo ba sai na gasa ta.

Wane irin mai gadi, kuma a ina

1N4007 ba laifi bane a kan kanshi, zai iya aiki in ka kwantar da shi kan taransista da farin mai ka matse shi, illa dai jikinshi zagayayye ne na roba, wurin da yake taɓawa kaɗan ne, zafi na daɗewa kafin ya isa cikinshi. Sannan 2 mV ɗinnan ba daidai yake ga kowa ba. Ƙaramin dayod da anka tura ma karent da yawa saukarshi bata kai ba, babban silikon da ke jan ɗan kaɗan tashi ta fi yawa, fainal ɗinka kuma a zaman jira irin na biyun ne, ƙaton abu ne yana jan 100 mA. Shi yasa ni nafi son in ɗauki taransista irin BD139 in haɗe bes da kolekta in mai da shi dayod, bayanshi a shafe yake, yana da ramin sukuru, kuma halinshi ya fi kusa da na fainal. Sai dai ka kula, ƙarfen bayan BD139 kolekta ne, in ka ɗaure shi kai tsaye kan hitsink ka kai bayas ɗinka ƙasa kenan, dole ka sa maika, 'yar fallen nan mai hana wuta wucewa, tsakani kaman yadda kake yi a amfilifaya. Wuri kuma, iya kusancin da zaka iya da ƙafar fainal inda sukurunsu yake, tsakaninsu in da fili, ba can ƙarshen hitsink wajen fanka ba.

Wayoyinshi biyu ka murɗe su tare, gajeru, ka sa kafasita 104 a kansu can wajen fanel. Dalili, dayod ne zaune dab da wat 100 na sigina, in ya tsinci sigina ɗin zai mai da shi bolt ya rikita bayas daidai lokacin da ake magana, kai kuma baka ganin haka in kana aunawa shiru. Kuma ka yi dalmar da kyau, don a mafi yawan tsarin in wayar mai gadi ta tsinke bayas sama yake yi ba ƙasa ba, nan take fainal su tafi. Ba mamaki haka na farkon sunka mutu, dayod ya fashe ya ja su.

Game da tsarin kanshi, ban ga fanel ɗinka ba amma ba zai wuce ɗayan uku ba. Mafi sauƙi shine ƙatuwar resista daga 12 zuwa dayod, dayod zuwa ƙasa, a ɗauki bes daga tsakiya. Yana aiki amma ɓarnar wuta gare shi, saboda bes ɗin taransista ba kaman ƙafar get ta ɗayan irin taransistan da ake kira MOSFET bane, yana shan karent, kuma shan na ƙaruwa da ƙarfin magana, in kolekta na jan amfiya 20 kuma ribar taransista 40 ce tau bes na neman rabin amfiya. Dole dayod ya kasance yana ɗauke da fiye da haka tun farko, in ba haka ba da an ɗaga murya bayas ya faɗi, murya ta shaƙe. Rabin amfiya a kan bolt 13 wat 6 da wani abu ne resistan ke ƙonawa a banza, kuma dayod ɗin na ɗumama kanshi da kanshi, wanda ke ɓata mashi jin zafin maƙwabci. In naka irin wannan ne ka auna abinda ke bi ta dayod ɗin, 1N4007 amfiya 1 ne iyakarshi.

Na biyu shine mai taransista biyu, wanda nafi gani a rediyoyin mota kuma shi nafi so. Mai jin zafin ɗan karent kaɗan yake ɗauka, aikinshi jin zafi kawai, wani taransistan daban ke ɗaukar nauyin ciyar da bes. Anan akwai tarko guda, in mai ciyarwar an jona shi ne ta emita tau shima yana cin nashi 0.6, shi yasa zaka ga dayod biyu a jere, ɗaya na biyan bashin mai ciyarwa ɗaya na fainal. Kar ka ce bari in ɗaura duka biyun kan fainal don ƙarin tsaro, na taɓa yi, sai ya zama ana janye 4 mV a digiri inda ake buƙatar 2, rediyo bata ƙonewa kam amma bayan minti biyar na magana karent ɗin jira ya koma kusan sifili murya ta dagule. Na uku shine mai IC, wanda wani injiniyan Motorola mai suna Helge Granberg ya yaɗa a zane-zanenshi na shekarun 1970, regileta 723 da taransista mai ɗaukar nauyi da mai jin zafi kan hitsink, har yau masu haɗa amfilifayar rediyo na kwafarshi. Shi ya fi riƙe bolt ƙam, amma ga gyara ba ruwanka da sauya tsari, ka mayar da na kamfani yadda yake ya isa.

Yadda zaka saita

Bolt ɗin bes ba shi ake saitawa ba, karent ɗin kolekta ake saitawa. Taransista biyu masu lamba ɗaya, a 0.68 wani zai ja 80 mA wani 400, don haka duk sanda ka canza fainal sai an sake saiti, ko da baka taɓa komi ba. Kafin ka sa sabbin ma, ka kunna ka danna makirfo ka tabbatar layin bayas na motsi in ka juya firiset, 'yar resistan nan da ake juyawa don saiti, misali daga 0.5 zuwa 0.75, ka kusanto da kan abin soda jikin mai gadi ka ga lambar na sauka, sannan ka bar firiset a mafi ƙasa. In bata sauka ba kar ka sa su, gyara na nan tukuna.

Bayan ka ɗaura su da sabon farin mai siriri, ka yanke layin da ke kai wuta kolektan fainal kaɗai, yawanci akwai wata 'yar gada ko waya da anka tanada don haka, ka sa mita a tsakani. In baka da fawa saflai mai iyakance karent ga dabarar da nike yi, ƙwan fitilar burki ta mota mai wat 21 a jere da mitar. A 200 mA ko ja bai yi, amma in abu ya ɓaci zai haska ya tare, bai barin ya wuce amfiya 2. Ka jona lodin gwaji mai ohm 50 a madadin eriya, ka sa rediyo a SSB, ka rage ƙarfin makirfo zuwa sifili, ka danna, ka juya firiset a hankali har ka kai abinda littafin gyaran rediyon ya ce. Waɗanda sunka bi ta hannuna 'yan ɗaruruwan mA ne na biyun a haɗe, amma kowace da nata, ka nemi littafin a intanet da lambar rediyon.

Sai kuma gasa ta. Ka bar hannunka kan makirfo, ka hura ma hitsink diraya ko buluwa daga nesa, hitsink ɗin fa ba dayod ɗin kai tsaye ba, in ka hura ma dayod kanka kawai ka yaudara. Ka kai shi zafin da yatsanka bai iya daɗewa a kai, wajen digiri 60 kenan. In 200 ta zama 230 ta tsaya, ko ta sauka 170, Alhamdulillahi. Ni in zan zaɓa nafi son ta ɗan sauka, saboda in ana magana cikin taransista kullum ya fi inda mai gadi yake zafi, kuma zafin na ɗaukar lokaci kafin ya iso shi, taransistan MRF454 misali duk wat ɗaya na sa cikinshi ya fi bayanshi da digiri 0.7, wat 50 ya zama digiri 35 da mai gadi bai gani. In kuwa ta ninka tana ci gaba da hawa, saki makirfo ka koma kan mannewar. Ka kuma lura da yadda take hawa. Zafi a hankali yake tafiya kaman ruwa na cika randa. In lamba na zaune sai ta yi tsalle fal ɗaya, ko tana canzawa in ka kai hannu kusa da fanel, wannan ba zafi bane, amfilifayar ce ke kaɗawa da kanta, ka duba kafasitocin layin wuta da resistocin da ke tsakanin kolekta da bes ko sun ƙone lokacin da na farko sunka tafi. Ƙwan fitilar kuma ka cire shi kafin gwajin magana.

In wata rana an kawo ma mai MOSFET

Sabbin rediyoyi yawanci fainal ɗinsu MOSFET ne na Mitsubishi masu lambar da ta fara da RD, manyan na'urorin tashoshin FM kuma wani irin MOSFET ne mai suna LDMOS, irin BLF188XR mai bolt 50. Akwai maganar da ke yawo cewa MOSFET bai gudun zafi, rabin gaskiya ce. A babban karent haka ne, in ya yi zafi raguwa yake, amma a ɗan karent na jira ƙofar get ɗinshi na saurin buɗewa in ya ji zafi, karent ya hau, masu haɗa amfilifaya da IRF510 sun san wannan sarai. Sauƙinshi get bai shan karent, regileta 78L05 da firiset da mai jin zafi sun isa. Da yawa tamista suke sawa, wato resistan da ke sauyawa da zafi, mai 10k, wadda ke komawa wajen 3.6k a digiri 50, tana da ƙarfi sosai kuma saukarta ba miƙaƙƙiya bace, don haka ana haɗa ta da resistoci a lallashe ta. In dayod ka sa a ƙasan firiset ka tuna firiset ɗin na raba 2 mV ɗin, ba duka ke isa get ba. Hanyar da nike gane nawa ake buƙata, in cire mai gadi, in saita karent da sanyi in rubuta bolt ɗin get, in gasa in rage firiset har karent ya dawo in sake rubutawa, bambancin in raba shi da digirin da anka ƙara. Kuma kullum resista daga get zuwa ƙasa, don ranar da ƙura ta ɗaga harshen firiset get ya faɗi ƙasa ba ya yi sama ba.

Maganar jabu da sauran

Toshiba ta daina yin 2SC2879 tuntuni, don haka mai sheƙi sabo fil da rubutu fes a farashi mai sauƙi abin tuhuma ne, akwai na wasu kamfanoni masu lambar da ke aiki daidai gwargwado, akwai kuma waɗanda cikinsu ɗan mitsitsi ne. Alamar jabu ita ce bai kai wat ɗin ba ko ya mutu da dannawar farko, naka kuma ka ce suna aiki lafiya da safe, shi yasa ban ɗora masu laifin ba. In zaka saya ka auna ribarsu da mita ka ɗauki biyu masu kusanci, kar ɗaya 40 ɗaya 90. Waɗanda sunka ƙone kuma don Allah kar ka fasa su ko ka goga su da fayil don ganin ciki, farin dutsen da ke jikin da yawa daga cikin tsofaffin nan yana ɗauke da beriliyam, ƙurarshi guba ce ga huhu.

Daga nesa nike magana, rediyon bata gabana, kuma bayas mai kyau bai hana fainal mutuwa in eriyar motar ta lalace ko kebul ya sha ruwa, ƙarfin ne ke dawowa kansu, wannan kuma kisan nan take ne ba ruwanshi da safe ko rana. Ka sa mai ita ya zo da motar ka auna SWR a jikinta, wato yawan ƙarfin da ke dawowa daga eriya, ka auna abinda alternato ke badawa in an taka wuta, 14.4 daidai ne, in yana haura 15 akwai matsala, ka duba fanka na juyawa, ka busa ƙurar da ke tsakanin haƙoran hitsink. In ƙarƙashin kujera take da tabarmar roba a kanta a canza mata wuri. Ni aikina a kan HF, wato masu dogon zango irin taka, da FM ya tsaya, na turakun waya da kwamfuta ke saita masu bayas ban sa hannu ciki ba balle in ce ma ga yadda ake yi.

In ka yi gwajin dirayar ka turo min lamba uku, ta sanyi, ta lokacin da ya yi zafi, da ta bayan minti biyar da ka daina hurawa, tare da hoton inda ka ɗaura dayod ɗin, daga nan zan iya ce ma a sallami mai ita ko a dakata.